Tsakanin Hoton Sallah da Littafin Waya

  

Duk wanda yake da 'ya budurwa a gida, ko matarsa matashiya ce, ya san a kwanakin bayan Sallah waya ba ta hutawa. Abu biyu ne suke cika ta. Na farko hotuna: ga na ranar idi, ga na kallon hawa a ƙofar fadar Mai Martaba, ga na waɗanda suka haɗa kuɗin mota suka je madatsar ruwa ta Dadin Kowa ko Yankari, ga kuma na waɗanda Allah Ya hore wa suka yi Umarar goman ƙarshe. Na biyu littafi. Ba na takarda nake nufi ba, wanda ake turowa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, wanda yawancin masu rubuta shi suke ajiyewa idan azumi ya kama, su ce sai bayan Sallah. To an yi Sallar, an dawo bakin aiki. A zaure ɗaya ake yin abin nan biyu. A tura hoton lalle da ɗinki a ce masha Allah, sai kuma a koma musu a kan wa ya kamata wance ta aura a cikin labari. Mafi yawan 'yan zauren ba su taɓa haɗa ido ba. Wata tana Tumfure, wata tana Zariya, wata Maraɗi, wata Kumasi, wata aure ya kai ta Jidda, amma kowa anti ce ko 'yar uwa.

Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, an same ni an ce ranar da limanci ya zagayo kaina in yi wa abin nan kaca-kaca. Amma malamanmu sun koya mana ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Don haka na sa aka turo mini guda biyar cikin waɗanda ake yayi, na riƙa karantawa a shago idan kasuwa ta yi sanyi. Abin da na gani shi zan faɗa, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Uku daga cikin biyar ɗin ba ƙagaggu ba ne daga tushe, ɗoriya ce. Wato mai rubutu ta kalli fim ɗin Indiya da aka fassara, ko shiri mai dogon zango, ko ta karanta littafin wata, ƙarshen bai yi mata daɗi ba, sai ta kwashi mutanen labarin ta ci gaba da su yadda ranta yake so. Wanda aka kashe ta tayar da shi, waɗanda aka raba ta ɗaura musu aure. Wanda ya bi shirin Labarina na Aminu Saira zai tuna yadda gari ya rabu a kan Sumayya, wasu suna bayan Mahmud, wasu Lukman, wasu Presido. Irin wannan musun ne idan ya yi tsawo yake komawa rubutu. Turawa sun daɗe suna yi. Dandalin Wattpad, inda yaranmu ma suke ajiye nasu, a Kanada aka kafa shi a 2006, kuma a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi kan kuɗi wajen dala miliyan 600. Don haka kar wani ya ɗauka wasan yara ne.

Masu neman in yi tsinuwa, hujjarsu ta farko ita ce wai satar fasaha ce. A nan ban tare da su ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ɗoriya tsohuwar sana'a ce a wurinmu, sai dai mu tahamisi muke kiranta. Ishiriniyar da ake yi a watan Mauludi ba aikin mutum ɗaya ba ce. Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya yi asalinta, baiti ashirin ga kowane harafi, kowane baiti ɗango biyu. Ibnu Mahib ya zo daga baya ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti, suka zama biyar-biyar. Yau ɗalibi zai yi ta rerawa bai san inda bakin wannan ya tsaya na wancan ya fara ba. A nan gida ma, Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Babu wanda ya ce sun saci waƙar mahaifinsu.

Ku zo ga boko. Alhaji Abubakar Imam, wanda duk muka karanta Magana Jari Ce ɗinsa, ai bai ɓoye wa kowa cewa daga littattafan wasu al'ummai ya ɗebo ba: Alfu Laila, Kalila wa Dimna, tatsuniyoyin Jamusawa da na Indiyawa. Ruwan Bagaja, da ya shiga gasar 1933 da shi, duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri zai ji ƙanshinta a cikin haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Amma ku dubi abin da ya yi da kayan aron. Labarin Kalala da Kalalatu asalinsa na wata kuku ce a ƙasar Jamus. Wa zai karanta shi ya ce matar nan da ta cinye kajin baƙo ba maƙwabciyarsa ba ce? Ya cire wa labarin kwat ya sa masa 'yar shara, har maganar mutanen cikinsa ta zama irin tamu.

Ke nan aro yana da sharaɗi. Mai tahamisi dole ya san ma'aunin waƙar da zai hau, ya bi amsa-amonta, ya faɗi mai ita, sannan ya zo da wani abu nasa wanda ya cancanci zama kusa da na mai asali. Da wannan ma'auni na auna littattafan nan, kuma gaskiya awon bai cika ba.

Ku fara da mutanen ciki. A huɗu daga cikin biyar ɗin namijin ɗaya ne, suna kawai aka canza. Miskili ne, ba ya magana sai da ƙyar, fari, dogo, bai kai shekara talatin da biyu ba amma yana da kamfani a Dubai da gida a Maitama, ko kuma soja ne mai muƙamin da a zahiri sai an yi furfura ake kai wa. Ban ga inda ya yi ciniki ba, ban ga inda aka ci bashinsa ba, ban ga ranar da kaya suka maƙale masa a hanya ba. Ni da na shekara talatin ina safarar atamfa da shadda daga Kantin Kwari, ina son a nuna mini wannan kasuwar da ake kwana a tashi da biliyan ba gumi. Macen ita ma ɗaya ce: 'yar talaka, yawanci 'yar ruga, gashi har gadon baya, ba ta san komai ba sai kuka. Abin dariya, mu da muke zaune da Fulani tsawon rayuwarmu a garin nan, mun san 'yar Fulanin da take kawo nono kasuwa ta fi mai shago iya lissafi. Wadda take cikin littafin ba daga ruga aka ɗauko ta ba, daga fim ɗin Indiya aka ɗauko ta aka ɗaura mata zane.

Sunayen ma haka. Babu Hadiza, babu Iro, babu Jummai, sai idan 'yar aiki ce. Gari kuwa, ɗaya daga cikin marubutan ta faɗa a farkon littafinta cewa 'yar Gombe ce, amma shafi sama da sittin na bi ban ga Jekadafari ba, ban ga Bolari ba, ban ji ƙurar Tudun Hatsi ba, ban ga tanka ta kawo ruwa unguwa mata suna jere da jarkoki ba. Daga Abuja sai Landan, daga Landan sai Istanbul, garuruwan da a rubutun kansa za ka gane ba a taɓa taka su ba, domin ba abin da ake faɗa a kansu sai otal da jirgi.

Wannan duk raunin fasaha ne, mai karatu zai iya yin tsaki ya wuce. Wanda ya fi damuna shi ne aure. Littattafan nan kusan dukkansu a kan aure da saki suke tafiya, kuma a nan ne aron yake yin ɓarna, domin dokar auren Indiyawa da ta Turkawan fim ba tamu ba ce. Biyu daga cikin biyar ɗin a kan abin da suke kira auren kwangila aka gina su: a yi yarjejeniya a rubuce za a zauna wata shida ko shekara ɗaya, a biya ta, a rabu. Sai a kawo liman a cikin labarin ya ɗaura, da goro da alewa, kamar ba komai. Yarinyar da ta kai babin aure a Risala ta san auren da aka yanka wa wa'adi ɓatacce ne, yana jere da auren musaya da auren cikin idda a sahun waɗanda aka hana. A wani littafin an saki mace, bayan mako biyu attajirin ya aure ta, 'yan zaure suna ta guɗa. Ina idda? Tsarki uku ne ga mai jini, wata huɗu da kwana goma ga wadda mijinta ya rasu, mai ciki kuma sai ta haihu. A wani kuma miji ya yi saki uku a lokuta uku daban-daban, daga baya ya yi kuka ya ba da haƙuri, aka mayar da ita ɗakinta ba tare da ta auri wani ba, wai so ya yi halinsa. Akwai inda aka raba gado aka ba ɗan riƙo kason ɗan ciki, domin haka aka yi a fim ɗin da aka kwaikwayo. Akwai inda uwa ɗaya ta shayar da yaro da yarinya suna jarirai, ƙarshen labari kuma aurensu ne, alhali a mazhabarmu ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa ya haramta.

Wani zai ce ai labari ne, Malam. Na ji. Labari yana iya kawo mazinaci da ɓarawo da mai auren kisan wuta, ba laifi, duniya cike take da su. Bambancin shi ne ko mai rubutu ta san abin da ta rubuta kuskure ne ko ba ta sani ba. A nan ba ta sani ba, masu karatun ma da yawa ba su sani ba. Yarinya tana zuwa Islamiyya awa biyu Asabar da Lahadi, amma tana kwana da littafin nan kullum har ƙarfe ɗaya na dare. Wanne zai fi zama a kanta? Mu da ake kawo wa rigimar aure bayan sallar Isha'i mun fara jin tambayoyin da a da ba a yi, kuma idan ka bi sawu sai ka tarar daga waya suka fito.

Ga wani abin da ya ba ni dariya, ni ɗan kasuwa. Ana ba da shafukan farko kyauta, kamar ɗanɗano, idan labari ya ɗau zafi sai a ce daga nan sai an biya, naira 300, 500, wani har 1,000, a tura ta asusun banki ko katin waya. Wannan ciniki ne, ban ga aibinsa ba, guminta ne. Amma a saman kowane shafi akwai Allah-ya-isa ga duk wadda ta fitar da littafin waje, har da cewa ba a yafe ba duniya da lahira. Ita kuma mai Allah-ya-isar ko a wuri ɗaya ba ta faɗi fim ɗin ko littafin da ta ɗauko mutanenta daga ciki ba. Laifi tudu ne. Ibnu Mahib dai bai goge sunan Alfazazi ba.

Yanzu mu koma ga hoton, domin ni a ganina shi da littafin uwarsu ɗaya. Ba zan shiga saɓanin malamai a kan hukuncin hoto ba, kowa ya san inda malaminsa ya tsaya. Kuma ban manta amfaninsa ba. Yawancinmu a unguwar nan iyayenmu zuwa suka yi, daga Kano, daga Katsina, daga Haɗeja, daga Azare. A da sai an ba direba wasiƙa a tasha, a yi mako ana jiran amsa. Yau kaka tana Ɗanbatta tana ganin jikanta da kayan Sallarsa kafin a sauko daga idi. Abota da wanda ba a taɓa gani ba ita ma ba yau aka fara ba. Mu da muka sayi katin Zaɓi Sonka muna gaida mutane ta Rediyon Kaduna, mutanen da sunansu kaɗai muka sani, ba mu da bakin yi wa yara gori. Na kuma san zauren da aka haɗa wa wata kuɗin asibiti a kwana biyu, ba a taɓa ganinta ba.

Amma hoton da ake turawa zauren littafi yana da wani aiki daban. Gwaji ake yi da matar cikin labari. A je situdiyo a tsaya gaban labule mai zanen bene, ko a jingina da motar da ba a san mai ita ba, a sa manhajar da take wanke fata har uwar da ta haifi yarinya ta yi shakka. Ni ina ganin ƙarshen abin a shago. Mako biyu kafin Sallah mace za ta miƙo mini waya ta ce, Alhaji irin wannan nake so. In duba in ga leshin da kuɗinsa ya fi albashin mijinta na wata. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 littafin bashina yake ƙara kauri, kuma ba na shinkafa ba ne, na kayan da za a sa sau ɗaya a ɗauki hoto ne. Mu masu sayar da zane muka fi kowa sanin zanen aro ba ya rufe katara. Miji ya dawo daga aiki a gajiye da ledar tumatir, ta dube shi ta dubi miskilin Maitama, sai ya koma mata kamar ɗan dako.

Akwai kuma al'adar da ban san da ita ba sai bana. Idan ana karanta labari, 'yan zaure sukan ce a nemo fuskar da ta dace da wance. Wani lokaci a ɗauko 'yar fim, wani lokaci kuwa a ɗauko hoton wata daga cikinsu, ko hoton da aka tsinta a shafin wata. An kawo mini magana irin wannan. Yarinya ta tura hotonta na Sallah a zauren da ta ɗauka duk mata ne kuma duk 'yan uwa ne. Aka yaba, aka ce ita ce ta dace da tauraruwar littafin, ita ma ta ji daɗi. Aka liƙa hoton a saman shafuka. Labari ya yi nisa ya shiga ɗakin kwana, da irin bayanin da ba zan iya maimaitawa ba, hotonta yana sama. Shafin ya fita daga zaure, ya yi yawo, ya isa hannun yayar wanda zai aure ta. Mun yi zama uku kafin a yarda cewa yarinyar ba ita ta rubuta ba, ba kuma labarinta ba ne. An ɗaura auren, alhamdu lillahi, amma har yau akwai masu kallonta da abin. Zaure mai mutum ɗari biyu ko ɗari biyar, wa ya tantance su? Wa ya ce duk mai sunan mace mace ce? Wadda ta liƙa hoton ba ta yi da mugunta ba, amma Suratun Nur ba ta sassauta wa masu yaɗa irin wannan a kan mumina ba, kuma wanda ya tura gaba yana da kasonsa.

To a hana? An gwada. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu kan littattafan soyayya, Farfesa Ibrahim Malumfashi yana kiransu adabin kasuwar Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu yana kare su. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Waɗancan na takarda ne, ana iya tara su a cinna musu ashana, amma ba su ƙare ba, waya suka shige. Kuma cikin littattafan da aka raina a wancan lokaci akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda yau an fassara shi zuwa Turanci ana nazarinsa a jami'o'i. Me ya raya shi? Gidan da ta kwatanta gidan Bahaushe ne, mijin da ya wulaƙanta iyalinsa kowa ya san irinsa a layinsu. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa take nuna cewa matanmu sun iya rubutu idan suka dubi abin da yake gabansu. Ban taɓa ganin zamanin da 'yan mata suke rubuta Hausa da yawa kamar yanzu ba, ko da yake ƙa'idar rubutun sai addu'a, ba ƙugiya, ba a raba kalma, rabin jimla Turanci.

Idan ɗoriya ake so, ƙasar nan ba ta rasa abin ɗorawa a kai ba. Ga Buba Yero da kafuwar Gombe Abba. Ga tashin hedikwata zuwa Nafaɗa, sannan zuwa Doma a 1919. Ga Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, da jama'ar da suka wuce gabas ba su dawo ba, jikokinsu suna Sudan har yau. Wace ce ta taɓa zama ta ƙaga mana labarin wata mata a cikin ayarin nan, da goyo a baya? Ga zamanin auduga da jirgin ƙasa da ya kawo kakanninmu garin nan. Wanda kuma yake son soyayya, ai a layin ɗibar ruwa ma ana yi. Sharaɗin kawai, kafin a ɗaura aure ko a yi saki a cikin labari, a tambayi malamar Islamiyyar da take kusa, minti biyar ya isa.

Na ce biyar na karanta. Na biyar ɗin daban yake, kuma shi ma ɗoriya ne. Mai shi ta ɗauki wata 'yar aiki da aka ambata sau biyu kacal a wani sanannen littafi, ta ce bari ta bi ta gida. Ta kai mu wani gidan haya mai ɗaki bakwai da banɗaki ɗaya, uwar yarinyar tana tuyar ƙosai a bakin tasha, ana rigima a kan kuɗin wuta, ga wani tela da yake sonta amma yana jin kunyar faɗa saboda yana riƙe da ɗinkin Sallarta bai gama ba. Da aka zo maganar saki, mai rubutun ta sa matar ta zauna ta ƙirga iddarta a ɗakin mijin, kamar yadda shari'a ta ce, da duk ɗacin zaman. Hausarta tsaf, har karin maganar tsofaffi ta iya sakawa a wurin da ya dace. A shafi na ashirin ta tsaya. Ta rubuta cewa ba a tanka mata a zaure, ana cewa labarin talauci ne, ita kuma ba za ta iya ci gaba da ƙona data a banza ba. Wata uku ke nan ba ta ƙara ba. Idan mujallar nan ta isa hannunta, ko hannun wadda ta san ta, a faɗa mata akwai wani mai atamfa a Federal Low-Cost da yake son ya ji ko telan nan ya gama ɗinkin, kuma a shirye yake ya biya naira 500 ɗinsa.